Tabon Guduma a Boris Ɗin Na-Sani

"Na ce maka ka ajiye gudumar nan."

"Na sani, Yaya."

"Ka sani, kuma tana hannunka?"

"Ai riƙe ta kawai na yi. Ban buga ba tukuna."

"Tukunan nan naka shi nake tsoro. Ƙarfen nan ba a dukansa. Bari mai ya yi zafi, a tsoma shi, ya buɗe don kansa, ya shige kamar zobe a yatsa."

"Au, boris ɗin za mu dafa? To a miƙo gishiri da albasa mana."

Masu bibiyar wannan shafi, ku gyara zama, ga yadda aka yi aka zo nan.

Akwai wani mai injin niƙa a bakin wani layi da kowa ke kira Na-Sani. Ba iyayensa suka sa masa sunan ba, bakinsa ne ya raɗa masa. In ka ce masa hadari ya haɗo, na sani. In ka ce masa rigarsa a baibai take, na sani. An taɓa tare shi a hanya aka yi masa albishir matarsa ta sauka, ya ce na sani, ya ɗan yi gaba, sannan ya juyo ya tambayi me aka samu.

Matar tasa kuwa Rediyo ake ce mata, don duk abin da ya shiga kunnenta sai ya fito ta bakinta yadda yake. Kukan ƙyauren maƙwabta, tarin mai shago, muryar mai tallan gawayi, babu wanda ya tsira. Ta taɓa kiran 'ya'yan maƙwabciyarta da muryar uwarsu, yaran suka bar wasa suka ruga gida, suka tarar da uwar tana barci.

Na ukunsu shi ne Yaya, wan Na-Sani, tsohon bakanike. Shi ya riƙe ƙanen tun rasuwar mahaifinsu, shi ya kafa masa injin da hannunsa. Kullum da yamma in ya rufe garejinsa, sai ya biyo ya zauna a bencin ƙofar shago. Rediyo ta fito da shayi kofi biyu, su sha suna musu a kan abin da bai shafe su ba, har rana ta faɗi.

Sai dai a 'yan watannin nan Rediyo ta lura Yaya ya koma riƙe kofi da hannu biyu. Hannun damansa ya soma rawa. Wannan ne kaɗai abin da ta gani ba ta taɓa kwaikwaya ba.

To ranar da ake wannan cacar baki, tsohon boris ɗin injin ne ya gaji, aka sayo sabo. Ga wanda bai san shi ba, boris zobba biyu ne na ƙarfe, babba a waje, ƙarami a ciki, da 'yan ƙwallayen ƙarfe masu santsi a tsakaninsu. A kansu sandar inji take juyawa. Ƙaramin zoben kuwa matsattse ne, ba ya shiga sandar ta daɗi.

Yaya ya kunna risho, ya ɗora gwangwanin mai, yana jira ya ɗau zafi. A waje mata sun jera kwanukan hatsi har bakin kwata, kowace tana cewa ita ta fara zuwa. Rediyo tana tsaye a ƙofar da ta haɗa shago da gida, da tsintsiya a hannu, wai shara take.

Na-Sani ya dubi layin, ya dubi gwangwanin da ko motsi bai yi ba. Yaya ya miƙa hannu zai karɓi boris ɗin, hannun ya ɗan girgiza a iska.

"Ka ga, Yaya," in ji Na-Sani yana dariya, "gaya mana gaskiya. Ba ƙarfen ne ba ya son guduma ba. Hannunka ne ya daina iya riƙe ta."

Da wasa ya faɗa. Wasu daga cikin matan ma sun yi dariya. Amma Rediyo ta ga Yaya ya mayar da hannun cikin aljihu a hankali, kamar mai ɓoye abin da ya tsinta.

Na-Sani ya ɗora boris a bakin sanda, ya auna babban zoben waje, ya sakar masa guduma. Gwam. Gwam. Gwam. Boris ya shige.

Yaya ya kashe risho, ya goge hannu da tsumma, ya yi wa matan sallama ɗaya bayan ɗaya, ya fita.

Aka tayar da inji, ya ɗauka lafiya lau, huuuuu, kamar ba a taɓa yi masa komai ba. Na-Sani ya shiga juye hatsi yana tambayar jama'a ina mai, ina risho, ina gishiri. Ranar har waƙa ya yi.

Da yamma benci ya zauna shi kaɗai.

Rediyo ta fito da kofi biyu kamar kullum. Na-Sani ya shanye nasa, ya leƙa layi, ya ce ai ya sani, aiki ne ya yi wa Yaya yawa. Sannan ya shanye na biyun, wai ƙishi yake ji. Washegari ma ƙishin ya dawo. Haka aka yi ta yi, har yara suka fara tambaya ko Baba Babba ya yi tafiya ne.

Ita Rediyo abin ya tsaya mata a rai. Ta san mijinta: in aka bar shi, sai ya shekara yana shan shayin mutum biyu bai taka garejin ba. Ta kuma san Yaya: ba ya faɗa, ba ya ƙorafi, janyewa kawai yake, kuma in ya janye ya janye ke nan.

Ana cikin haka injin ya fara magana.

Bango ɗaya ne tsakanin shagon da ɗakin girkinta, don haka ta san muryar injin nan kamar ta ɗan da ta haifa. Wata safiya tana wanke-wanke sai ta ji wani ɗan abu a ƙarƙashin huuuuu ɗin da ta saba. Ƙis. Ƙis. Ƙis. Kamar ana taɓa cokali da farce.

Ta gaya wa maigidan. Ya ce ya sani, sabon ƙarfe ne, zama yake yi. Ya ƙara masa giris, man nan mai kauri.

Bayan 'yan kwanaki ƙis ya zama ƙyas. Ta sake gaya masa, wannan karon da bakin injin, har da yadda yake yi in an juye masara. Ya ce ya sani, bel ɗin da ke juya sandar ne ya saki. Ya ɗaure bel ɗin tamau kamar yana da laifi.

Da ƙyas ya zama ƙwaras, sai ya sayo rediyo na gaske ya rataye a shago, ya ƙure murya. Ya ce tunda na cikin gida ba ya kama tasha sai ɗaya, gara ya sami mai canzawa.

Ranar Rediyo ta ɗauki rishon da Yaya ya bari, ta ce za ta mayar masa da kayansa.

Garejin langa-langa ne, da ƙofa a gaba da ɗan lungu a gefe. Ta leƙa ta wata huda, ta hango Yaya zaune shi kaɗai, ga wani ƙaramin aiki a buɗe a kan tebur, 'yan ƙananan kusoshi a cikin murfin gwangwani, shi kuma ya zuba musu ido bai taɓa ba.

Sai shaiɗancin nata ya motsa. Ta laɓe a lungun, ta kumbura wuya, ta yi ɗan tarin nan da mijinta yake yi kafin ya yi magana, ta saki murya ƙasa-ƙasa:

"Yaya, ni ne. Kunya ta hana ni shigowa. Ka yi haƙuri, ban sani ba, kuskure na yi."

Har ta fara yi wa kanta kirari a zuci.

"Shigo, ƙanwata," in ji Yaya daga ciki. "Rana za ta dake ki a nan."

Ta shigo sumui-sumui, ta ajiye risho, ta gaishe shi kanta a ƙasa. Ya ce murya kam ta fita, har tarin ma ta kawo shi daidai. Wuri ɗaya ta yi ɓatan kai.

"Tun yaron nan yana rarrafe nake tare da shi. Ban taɓa jin 'ban sani ba' a bakinsa ba. Da kin tsaya a tarin, da na fito."

Ya yi dariya, ita ma ta yi. Ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi mahaifiyarta da ciwon ƙafarta. Bai tambayi ƙanensa ba. Sai can, yana kallon wani wuri daban, ya ce injin fa, yana lafiya?

Rediyo ta rufe ido ta ɗauka: huuuuu, sannan ta saka ƙwaras ɗin a ƙarƙashi.

Yaya ya gyara zama. Ya ce ta sake yi, a hankali. Ya tambaye ta ƙarar a daidai take tafiya kamar agogo, ko tana tashi tana sauka? Ta saurari abin da ke cikin kanta, ta yi masa: ƙasa-ƙasa, ta hau, ta hau, ta sauko, ta sake hawa.

Ya gyaɗa kai. Ya ce to raunin da ya fi girma a zoben ciki yake, wanda ke juyawa tare da sanda. In ya zagayo inda nauyi yake sai ya yi kuka, in ya wuce sai ya lafa. Da a zoben waje ne, wanda ba ya motsi, da kukan bai canza ba.

Ta ce ita abin da ya ɗaure mata kai, da idonta ta ga boris ɗin bayan an buga shi, yana ƙyalli kamar madubi, ko ƙwarzane babu.

Yaya ya jawo sabulun wanke hannu, ya ɗauki ƙwallon wani tsohon boris ya ɗora a kai, ya danna da tafin hagu. Da ya ɗaga sai ga ɗan rami. Ya ce ta shafa bakin ramin. Ta shafa, ta ji ya ɗan tasa, kamar leɓe.

Ya ce haka ƙarfe yake yi, sai dai nasa ido ba ya gani. Da aka doki zoben waje, dukan bai da hanyar isa ciki sai ta kan ƙwallayen, kowanne ya lotsa wurin da yake zaune. Naman ƙarfen da ya lotsa kuma ba ɓacewa yake ba, gefe yake komawa ya yi tudu. Daga nan duk ƙwallon da ya zagayo sai ya faɗa rami ya hau tudu. Nauyin da a da yake bazuwa a wuri mai santsi, yanzu duk a kan ɗan leɓen nan yake sauka, safe da yamma. Ƙarfen da ke ƙarƙashi ya yi ta lanƙwasa yana miƙewa har ya gaji, ya tsage, ya ɓantare.

"Ɓantaren kuma ba fita yake ba," in ji shi. "Cikin giris yake shiga, ƙwallo ya taka shi, ya yi sabon rami a wani wurin. Tabo haihuwa yake yi, ƙanwata."

Ta ce to giris ɗin da ake ta ƙara masa fa? Ya ce giris yana rufe kuka, ba ya cike rami. Da ta ambaci ɗaure bel kuwa sai ya dafe kai, ya ce an sami mai ciwon baya an ƙara masa buhu.

Ta roƙe shi ya zo ya duba, ko don yara. Ya girgiza kai. Ya ce ta gaya wa mai injin ya riƙa taɓa gidan boris da bayan hannu, ranar da ya kasa barin hannun a kai don zafi, ya kashe injin. In kuma yana da magana, ya kawo ta da bakinsa, ba da aron baki ba.

Da ta koma gida suka zauna cin abinci, Rediyo ta bari sai da mijin ya kai loma baki, sannan ta saki muryar Yaya daga bayansa, da jan numfashin da komai: "Tabo haihuwa yake yi."

Na-Sani ya zabura ya miƙe tsaye, cokali ya faɗi, yana gyara hula. Da ya ga ba kowa sai ita, yara kuma suna birgima don dariya, sai ya koma ya zauna yana hura hanci. Ta ba shi saƙon duka, har da sabulu. Ya ce ya sani. Ya ce injin da yake cinye buhu kafin a gama gaisawa, shi ne ɗan tabon da ido ba ya gani zai kayar? A bar tsofaffi da tatsuniyarsu.

Amma washegari ta hango shi ta ƙofa, ya faki ido ya taɓa gidan boris da bayan hannu. Ya janye da sauri, ya sa hannun a hammata, ya ƙara muryar rediyo.

Ranar da abin ya faru, layi ya fi na kullum tsawo. Rediyo tana yanka albasa ta ji ƙwaras ya koma garrrr, kamar ana jan tebur a kan tsakuwa. Warin ƙonannen giris ya shigo har ɗakin girki. Kafin ta kai ƙofa sandar ta cije, bel ya yi wani ƙiiii mai shiga haƙori, hayaƙi ya tashi, sannan komai ya tsaya.

Sai rediyon bango kaɗai, yana ba da labarin yanayi.

Na-Sani yana tsaye, gari ya rufe shi fari fat har gira. Wata tsohuwa da ke gaban layi ta ɗauki kwanonta ta ɗora a ka, ta dube shi da tausayi.

"Ɗan nan, wannan ma ka san da shi?"

Matan suka kwashe kwanukansu suka nufi injin da ke can bayan kasuwa, suna tafe suna maimaita tambayar.

Bai ci abincin rana ba. Da ƙarfen ya huce ya zare boris ɗin, ya wanke shi da kananzir, ya fito da shi haske. Rediyo ta zo ta tsaya a kafaɗarsa. Hanyar ƙwallayen da a da take kamar madubi ta zama shuɗiya-shuɗiya, duk ta ɓarɓashe. Amma manyan ramukan ba a warwatse suke ba. A jere suke, tazararsu ɗaya. Ya juya zoben a hankali, sai kowane ƙwallo ya faɗa cikin rami nasa, daidai inda yake zaune ranar da guduma ta sauka.

Ya daɗe yana kallo. Rediyo ta ji wata magana mai daɗi ta zo mata har bakin leɓe, ta haɗiye ta. Ita kanta ta yi mamakin kanta.

Ya fita ya sayo wani sabon boris. Ya ɗora shi a bakin sanda. Ya ɗauki guduma, ya ɗaga, ya tsaya a haka kamar hoto. Sannan ya sauke ta, ya ajiye a ƙasa, ya tura ta ƙarƙashin tebur da ƙafa.

Ya yi ɗan tarinsa, ya tambaye ta, ba tare da ya dube ta ba, wai da ta je can, an faɗi irin zafin da man yake kaiwa?

"Ai ka sani, Baban yara," in ji ta.

Ya harare ta. Ya naɗe mataccen boris ɗin a tsumma, ya kama hanya. Ta yafa mayafi ta bi bayansa, wai ta manta murfin risho a can. Risho dai ba shi da murfi.

A gareji Na-Sani ya yi gaisuwar da bai taɓa yi ba. Ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi, ya tambayi motar da aka gyara bara, ya dawo ya sake tambayar gida. Yaya yana amsa kowace da lafiya lau, bai taimake shi da komai ba. Da gaisuwa ta ƙare, sai ya kwance tsumman ya ajiye boris a kan tebur.

Yaya ya juya shi da yatsa ɗaya. Ya ce to, yanzu yaya za a yi a saka sabon?

"Na sa..." Na-Sani ya tsaya. "Ban sani ba, Yaya."

Yaya bai dube shi ba. Ya leƙa ta bayansa, inda Rediyo take tsaye a bakin ƙofa.

"Ƙanwata, sa hannu ki rufe bakinki. Duka biyun. Yauwa. To, kai, sake faɗi."

Rediyo ta toshe baki, kafaɗunta suna rawa don dariya.

"Ban sani ba," in ji Na-Sani. Wannan karon ta fita da sauƙi, kamar an zare ƙaya. Ya sunkuyar da kai. "Kuma maganar da na yi ta hannunka, a gaban mutane..."

"Ita gaskiya ce," in ji Yaya. Ya fito da hannun daga aljihu ya ɗora a kan tebur, yana rawarsa, kowa yana gani. "Ba ƙarya ka yi ba. Gaskiyar ce ka shigar da guduma."

Na-Sani ya goge ido da hannun riga, ya ce garin masara ne. Yaya ya ce ya sani.

Suka dawo shago su uku, Na-Sani ne ɗauke da risho.

Yaya ya zauna a kan buhu ya ce shi yau baki ne kawai, don hannunsa ba zai riƙe ƙarfe mai zafi ba, sai ya yar. Hannu na ƙane ne. Ya sa shi ya goge sandar har sai da tsumma ya fito fari. Ya sa shi ya rataye boris da waya a cikin man, kada ya taɓa gindin gwangwani. Ya ce kada a bar mai ya yi hayaƙi, in ya yi an wuce wuri.

Sai jira. Na-Sani ya tsuguna gaban risho yana karkaɗa ƙafa. Sau biyu bakinsa ya buɗe, sau biyu Rediyo ta yi ɗan tarinsa daga ƙofa, ya rufe.

Da lokaci ya yi, Yaya ya ce ɗaga. Ya ɗiga ruwa a jikin zoben, ya ce tsss. Ya ce maza, da tsumma mai kauri, a miƙe, kada ka karkata, tura ta zoben ciki.

Boris ya shige suɓul, har ƙarshe, ba ko ƙwanƙwasa. Na-Sani ya riƙe shi a wurin yana kallonsa kamar an yi masa dabo. Da ya huce ya gwada ja, ya ji ya kama sandar gam.

Aka cika giris daidai, aka sassauta wa bel wuyansa, aka tayar. Yaya ya hana kowa magana. Ya juya wajen ƙofa ya ce a bar likita ta saurara.

Rediyo ta rufe ido, ta karkata kai. Ta jira ƙis ɗin nan, ta neme shi sama da ƙasa, ba ta same shi ba. Sai ta buɗe baki ta ɗauka tare da injin, huuuuu, sumul, har ba a gane wanne ne ita wanne ne shi.

Da yamma benci ya sami mutanensa. Rediyo ta fito da buta da kofi biyu. Na-Sani ya karɓi butar ya ce shi zai zuba. Ya cika nasa, na Yaya kuwa ya tsaya a rabi, yadda ba zai zube ba, ya ajiye butar kusa da shi don ƙari. Rediyo ta gani, kuma wannan ma ba ta taɓa kwaikwaya ba.

Mataccen boris ɗin an rataye shi a ƙusa, a saman ƙofar shago. Yaya ne ya ce a bar shi nan, inda mai shagon zai riƙa gaishe shi kullum da safe.

Na-Sani ya kurɓi shayi, ya ɗaga kai ya dubi boris ɗin, ya sunkuya ya dubi gudumar da ke leƙowa daga ƙarƙashin tebur. Ya yi dogon tunani.

"Amma fa, Yaya, in za a bi gaskiya, ita ma gudumar tana wurin lokacin da kake bayani. Da ta ga abin ba daidai ba ne, ai da ta yi magana."

Darasi: Ɗan tabon da ido bai gani ba shi ya tsayar da injin da ke cinye buhu, don kullum nauyi a kansa yake sauka. Haka kalmar da ka jefa wa ɗan uwanka da sunan wasa: kai ka manta, shi kuwa kowace safiya sai ta zagayo ta taka wurin. Kada ka rufe ta da giris, kada ka ƙure rediyo. Ka je da ƙafarka, ka faɗa da bakinka tun tana ƙis, kafin ta zama garrr. Kuma "ban sani ba" ba ta taɓa shaƙe kowa ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman Na-Sanin gidanku. In ya karanta ya ce ya sani, ku sake tura masa.